Shekara huɗu ina shan maganin baifola, yanzu a ɓoye nake raba ƙwayar biyu

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Aboabo, nan Kumasi, shekarata 31. Shekara biyar da suka wuce na yi wani ciwo: kwana shida ban runtsa ba, ina ta surutu, har na ɗebi atamfofin mutane da aka kawo ɗinki na raba sadaka. An zagaya da ni wajen malamai, daga baya aka kai ni asibiti, likita ya ce baifola ne, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum wani lokaci ya yi ta zumuɗi ba barci, wani lokaci kuma baƙin ciki ya danne shi. Na sha magani wata takwas na ga na warke na ajiye, ciwon ya dawo, aka sake kwantar da ni. Tun daga nan, shekara huɗu ke nan, ina shan olanzafin miligiram 10 kowane dare, kuma ko sau ɗaya bai sake tashi ba. Sai dai na tashi daga kilo 61 na koma 83. Da yadi shida ke yi mini riga da zani da ɗankwali har a samu saura, yanzu sai na yi dabara. Yunwa ba ta barina, asuba kuma da ƙyar nake ɗaga kai. Gwaggona ta ce dama aljanu ne, an kuma riga an raba ni da su, ƙwayar ce ke kashe ni a tsaye. Akwai wanda ya kawo gaisuwa, ana maganar biki bayan Babbar Sallah, bai san komai ba. Wata biyu ke nan ina raba ƙwayar biyu ban gaya wa kowa ba, kuma lafiyata ƙalau, har na fi jin ƙarfi. Anti, sai na mutu ina shan maganin nan? Zan iya haihuwa da shi? In gaya masa ko in yi shiru?

Wa alaikumus salam, 'yata.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk ukun wuri ɗaya idona ke tsayawa: "har na fi jin ƙarfi." Shekara 26 na yi ina aikin nas a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa kafin in yi ritaya, wannan maganar kuwa na ji ta a bakin mutane har na haddace sautinta. Tana iya zama gaskiya tsagwaronta, an rage magani mai sa nauyin jiki, jiki ya saki. Tana kuma iya zama ciwon ne ke sallama a bakin ƙofa, domin baifola da daɗi yake fara zuwa, mutum ya ji kamar an sake haihuwarsa.

Barci ne zai raba miki gardama. Ki zauna ki tuna dararen mako biyun da suka wuce. Idan kina samun awa bakwai ko takwas, da sauƙi. Idan kuwa kin koma awa huɗu kuma ba ki jin gajiya, kin fara karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfin kekenki, bakinki ya ƙara sauri, abu kaɗan ya tunzura ki, kuɗi ba ya kwana a hannunki, to kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati, yau za ki je. Haka idan abin ya juya ta ɗaya gefen, baƙin ciki ya danne ki har tunanin mutuwa ya fara gilmawa, a ranar za ki faɗa wa wani a kai ki. Kuma kada ki tsaya ga abin da ke kike gani. Tambayi yarinyar da ke koyon ɗinki a wajenki, su ne ke fara lura.

Ko da komai daidai yake, cikin makon nan nake so ki koma asibitinki ki faɗa da bakinki cewa wata biyu rabi kike sha. Ba wanda zai kama ki, sun ji abin da ya fi wannan. Abin da ke ɓata aiki shi ne fayil ya ce kina kan 10 alhali kina kan 5, likita ya ɗora duk shawararsa a kan tubalin toka. Kafin ki je, kada ki ƙara ragewa, kada ki tsallake dare.

Wata biyun da kika yi lafiya ba su isa shaida ba. Ciwon nan zuwa yake yana tafiya, tsakanin tashi da tashi a kan yi watanni, wani lokaci shekaru, mutum garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ke da shi a 2019, kuma ko'ina halinsa ɗaya ne. Ke ma kin gwada da kanki, kin ajiye bayan wata takwas, kin ga inda ya kai ki. Wanda ɗakinsa ya shekara huɗu bai yi yoyo ba, ai ba ya hawa ya kwashe kwano wai ruwan sama ya daina sauka a Kumasi.

Kin tambaye ni ko sai kin mutu kina sha. Ba zan shafa miki zuma a baki ba. Mai kwanciya biyu a asibiti, na biyun kuma bayan barin magani, yawancin likitoci za su ce ta ci gaba da shan mai tsare ta shekaru masu yawa, da yawa har iyakar rayuwa, kamar dai mai hawan jini. Amma cewa ki zauna a kan magani daban, cewa ki zauna a kan wannan ƙwayar a wannan adadin daban. Na biyun a teburin ciniki yake, kuma kina da haƙƙin tayawa. Kukanki a kan ƙibar nan yana kan hanya, kuma da tuni ya kamata a saurare shi.

Bari in ba ki labarin laifina. Lokacin da na fara aiki, Largactil da Haldol ne a hannunmu. Largactil tun 1952 aka fara amfani da shi a Faransa, ya kuma kwance mutane da yawa daga mari, amma sai ka ga mara lafiya ya sandare, hannu na rawa, yawu na dalala, yana tafiya kamar an ɗaura masa itace a baya. Daga nesa unguwa ta san wanda ke shan magani. Sai sababbin suka fito: a Amurka an amince da risferidon a 1993, olanzafin a 1996, kwetiyafin a 1997, arififrazol a 2002. Da suka iso mana murna muka yi, domin mutum zai sha ya tafi kasuwa ba wanda ya gane. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da ke zuwa karɓar olanzafin duk wata. Duk zuwa sai ta ƙara cika, ni kuma in tarye ta da "Masha Allah, Hajiya, maigida na kula." Ita dariya, ni dariya. Kin san mu, ƙiba kwanciyar hankali ce a idonmu, balle ga wadda muka gani a rame tana fisge-fisge. Sikeli na nan a lungun ofis, an jibga masa tsofaffin fayil. Shekara ta kusa uku ban ce ta hau ba. Ran nan ta zo tana cewa ƙishirwa ta dame ta, tana tashi fitsari sau biyar da dare, ga wani ɗan miki a yatsar ƙafa ya ƙi warkewa. Da aka ɗiga jininta a na'ura, sai na kasa haɗa ido da ita. Ciwon suga ya daɗe da zama. Har yau in na wuce mai waakye sai ta faɗo mini.

Don haka yunwar nan da kike ji kada ki ɗauke ta haɗama ko rashin kamun kai. Olanzafin na toshe wasu hanyoyin saƙo a ƙwaƙwalwa da ke gaya wa mutum ya ƙoshi, shi ya sa za ki tashi daga kan tuwo ciki ya ce ba a yi komai ba. Bayan haka yana taɓa yadda jiki ke sarrafa suga da kitsen jini, har ga wanda bai yi ƙiba sosai ba. A cikin danginsa duka, shi da kulozafin ne kan gaba a wannan ɓarnar. Tun 2004 ƙungiyar likitocin ciwon suga ta Amurka da ta likitocin ƙwaƙwalwa suka fitar da ƙa'ida: a auna nauyi kafin a fara, a sake a mako na 4, na 8, na 12, sannan duk wata uku, a duba hawan jini da sugan safe a mako na 12, sannan duk shekara, a duba kitsen jini. Suka ce wanda ya ƙara kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, a fara tunanin sauya masa magani. A jikinki kilo uku ke nan. Kin ninka shi sau bakwai.

Ke da kike yini da tef a wuya kina auna ƙugun mutane, yau ki auna naki, daidai saitin cibiya, ba tare da kin shanye ciki ba. Ga mace, abin da ya haura inci 31 da rabi, wato santimita 80, alama ce kitse ya fara taruwa inda yake da haɗari. Ki rubuta. A asibiti ki nemi a duba miki sugan safe kafin karyawa, da kitsen jini, da hawan jini. Sugan safe da ya kai 7.0 a ma'aunin mmol/L ko ya wuce, in aka maimaita ya tabbata, ciwon suga ne. Wanda ya matso kusa gargaɗi ne. Ki sayi ƙaramin littafi irin na awon kwastoma ki riƙa zuba waɗannan lambobin da kwanan wata. Likitan da ke da layin mutum hamsin a waje, in kika ce masa "na yi ƙiba" zai ce ki rage ci. In kika buɗe littafi ya ga 61 ta zama 83, zai ajiye biro ya dube ki.

Abin takaicin rabin da kike sha shi ne, ƙibar olanzafin ba ta cika bin yawan miligiram sau da ƙafa ba. Mutum kan rage ƙwaya, kariya ta ragu, nauyi kuma ya tsaya inda yake. Biyu babu ke nan.

Hanyoyin da likita zai iya bi suna da dama, kowace da kuɗin shigarta. Arififrazol, wanda za ki gani da sunan Abilify, ba ya sa ƙiba kamar naki kuma bai cika sa barci ba, amma wasu yana hana su zama wuri ɗaya, ƙafa ta yi ta ƙaiƙayin tafiya, wanda ga mai zaman keke ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan kaɗan kuma yana buɗe musu son caca ko sayayya ba kai ba gindi. Kwetiyafin, wato Seroquel, yana da kyau ga gefen baƙin ciki, amma shi ma yana sa barci da nauyi. Risferidon, wato Risperdal, yana ɗaga sinadarin da ke kawo ruwan nono, sai al'ada ta rikice ko ta ɗauke, har nono ya kawo ruwa ba ciki ba goyo. Ga mai shirin aure dole a yi wannan lissafin. Akwai kuma dattijon cikinsu, litiyam, wanda wani likita ɗan Ostireliya, John Cade, ya bayyana amfaninsa a 1949, kuma har gobe yana cikin mafi ƙarfi wajen hana ciwon dawowa. Shi kuma ba ya son wasa: sai ana auna yawansa a jini, ana duba ƙoda da maƙoƙo, kuma zufa mai yawa, gudawa, ko irin su ibufurofen da diklofenak da muke saye a kanti kamar alewa, suna iya ɗaga shi ya zama guba. Idan kuma aka ga olanzafin ne kaɗai ya riƙe ki, ana iya barin ki a kansa a haɗa miki da metfomin, maganin suga, wanda aka ga yana rage wannan ƙibar. Nauyin asuba kuwa, sau da yawa sauya lokacin sha ne maganinsa. Ki tambaya ko za ki dawo da shan ƙwayar da an idar da isha'i maimakon sai kin gama ɗinkin dare.

Duk wanda aka zaɓa, sauyi a hankali ake yinsa, ana janye wannan ana shigo da wancan cikin makonni, ido na kanki. Shi ya sa nake matsa miki ki je yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a sauya maganin baifola ana saura mako biyu lalle.

Maganar abinci ba zan tsawaita ba, kin fi ni sanin tukunyarki. Ki fara da abin sha, nan suga ke ɓuya: lemun kwalba, burkina, sobolo mai zaƙi, Milo da madara, cokali ukun da ake zuba wa koko. Tuwon zafi ko banku ki rage malmala ki ƙara miyar ayoyo ko kontomire, da wake da ƙwai da kifi masu riƙe ciki. In za ki sayo zare da leshi a kasuwar Kejetia, wata rana ki sauka daga mota tun da saura ki taka.

Abu ɗaya kuma da masu daɗewa a kan waɗannan magunguna ya kamata su sani: wani lokaci baki ko harshe kan fara motsi da kansa, kamar mai tauna cingam ko tsotsar leɓe, ko yatsu su riƙa wasa. Ya fi yawa da tsofaffin magungunan, amma sababbin ma ba su kuɓuta ba. Mai shi ba ya cika ji, na kusa ne ke gani. Da an lura a faɗa wa likita da wuri, domin in ya daɗe yana iya zama.

Haihuwa kuwa, in Allah ya kawo, za ki haihu. Na ga mata da yawa masu ciwon nan da goyo a baya. Olanzafin ba ya cikin waɗanda aka sani da yawan nakasa jariri, abin da ake sa wa ido shi ne ciwon sugan da ke zuwa lokacin da mace ke da ciki, wanda ya ƙara zama dalilin gyara nauyinki tun yanzu. Wanda nake so ki riƙe sunansa da kyau shi ne balfurowet, da ake sayarwa da sunan Epilim. Ana ba masu baifola da masu farfaɗiya, amma a ciki kusan jariri 1 cikin 10 kan zo da nakasa, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma su samu matsalar magana ko koyo. Duk wanda zai rubuta miki magani, ko da a sauri ne, ki fara gaya masa aure za ki yi kuma kina son ciki. Tegretol ma, wani maganin da ake ba masu baifola, yana da nasa haɗarin ga ciki, yana kuma raunana ƙwayar tazarar haihuwa. Lokacin da ya fi kowane haɗari gare ki shi ne jego, makonnin farko bayan haihuwa, ga sauyin jiki ga rashin barci. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara bincike da dama, ya samu cewa kusan biyu cikin uku na masu baifola da ba su sha maganin kariya a lokacin ciki ba ciwon ya tashi bayan haihuwa, a masu sha kuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Don haka ranar da kika ga ciki ba ranar zubar da ƙwaya ba ce, ranar zuwa asibiti ce.

Gwaggo kuma, ki bi ta da lalama. Ita ta gan ki a ranakun da ke ba ki tuna ba, kuma ƙibar da take gani gaskiya ce. Kada ki tsaya musun aljanu da ita, ba za ki ci ba. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani ba su taɓa faɗa da ƙwaya ba, ki yi duka. Hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Iyakata da kowane malami ita ce ranar da ya ce a ajiye maganin asibiti, ko ya ba da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. In za ta yarda, ki tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta ana maganar sauya maganin saboda ƙibar. Tsofaffinmu in aka ba su kujera aka nemi ra'ayinsu, sau da yawa su ne ke komawa masu tuna wa mutum lokacin shan ƙwaya.

Saura mai gaisuwa. Ra'ayina ki gaya masa, kafin a ɗaura. Na san abin da kike tsoro, kuma ba zan ce miki ba ya faruwa ba, akwai mazan da in sun ji sai su janye, wasu kuma uwarsu ce za ta janye su. Amma a Zango kike, 'yata. Waɗanda aka raba atamfofinsu suna nan da ransu, kuma akwai wadda ke jiran rana ta kai masa labarin da gishirinta. Ko ba wannan, mutumin da za ku kwana ɗaki ɗaya zai ga ƙwaya duk dare, shi ne kuma zai fara ganin barcinki ya ragu, shi zai tashi da jariri don ki samu ki runtsa. Ki zaɓi lokacin da hankali ke kwance, bayan kin dawo daga asibiti da tsari a hannu. Ki faɗa a taƙaice: ina da ciwo mai suna kaza, sau biyu ya kwantar da ni, shekara huɗu bai tashi ba, ina shan magani, ina aikina. Ki ce in yana so ya raka ki ya yi wa likita tambayoyinsa. Ba dole danginsa duka su ji ba, wannan tsakaninku ne.

In an kai ga bikin, ki tsare barcinki kamar yadda za ki tsare gwal ɗin lefe. Bikinmu kwana da kwanaki ne, ga baƙi ga kiɗa ga ƙawaye har tsakar dare, ga ki tela, za ki ce sai kin ɗinka ankon da hannunki. Raba aikin. Ki sa wata 'yar'uwa ta zama mai korar mutane daga ɗakinki ƙarfe goma. Haka azumi, tashin sahur da tsayuwar dare na rikita barci, a zauna da likita tun Sha'aban a tsara.

Kuɗi kada ya tsayar da ke. Tun Nuwamban 2024 aka sa baifola cikin lalurorin ƙwaƙwalwa huɗu da inshorar lafiya ta ƙasar Ghana ke ɗauka, don haka ki duba katinki, in ya mutu ki sabunta ta *929# kafin ki fita. Ki tambaya wanne magani ke cikin tsarin, wanne za ki saya da kanki, domin babu amfanin a mayar da ke kan wanda za ki kasa saye a wata na uku. In ana buƙatar ganin babban likitan ƙwaƙwalwa, akwai sashensu a asibitin Komfo Anokye, a rubuta miki takarda.

Ki je da sassafe ba ki karya ba, ko koko kada ki kurɓa, ruwa kawai, don a ɗebi jinin a ranar ba sai kin sake biyan kuɗin mota ba. Ki riƙe kwalin maganin, har da rabin da kika gutsura, da littafin awonki. In kin dawo ki rubuto mini abin da suga ya nuna.

Antinku